Hannuwa a Aljihu

Litinin, 2 ga Oktoba

Gidan nan da hannuna na gina shi, daga tushe har rufi. 'Ya'ya biyu na kai jami'a, ni da ban wuce aji goma ba. Na shiga masana'antar kujeru ina sharar ƙurar katako, yau ni ne shugaban sashen lanƙwasa katako. Ba uba, ba kawu a jam'iyya, ba wanda ya taɓa ce mini ga yadda ake yi. Ni Gavril Bledea, ni na yi kaina.

Shi ne yau aka kawo wata Doamna Otilia, wato Uwargida Otilia, daga birnin Cluj, wai ta horar da mu, ta kuma auna ko mun iya aikinmu. Shekaru ba sa cikin magana, in ji ta, sai abin da mutum ya nuna a gabanta.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na lanƙwasa mata bayan kujera a gaban kowa, ko tsagewar gashi babu. Ta ce madalla. Ina goge hannu sai ta ce wannan na ma'aikaci ne. Na shugaban sashe daban: ya koya wa wani har ya iya shi kaɗai. Wanda ya kasa zuwa ƙarshen wata, a mayar da shi sashen ɗaure kaya.

Ɗaure kaya! Ƙarƙashin Nuțu, shugabansu, wanda na sha ja wa kunne.

Na ce, Doamna, a garin nan sana'a sace ta ake yi, ba a koyar da ita. Ta ce, "To mutum nawa suka sace taka, Bade Gavril dattijo, a shekarun nan? Ranar da ka kwanta mura sashen nan tsayawa yake yi." Har suka yi dariya, marasa kunya.

Talata, 10 ga Oktoba

An ba ni wata Paraschiva in koya mata. Ta haura arba'in, ta dawo daga Italiya inda ta yi ta jinyar tsofaffi. Katako uku ta fasa kafin hutun rana. Na huɗu na fizge na yi da kaina. Otilia ta ce na faɗi. Sabuwar doka: in ina koyarwa, hannuwana a aljihu.

Laraba, 11 ga Oktoba

Aljihu. Kamar ɗan zaman banza a bakin tasha.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Bayan coci na ce wa matata Iulișca zan ajiye aikin. Ba ta ma ɗago daga tukunyar tuwon masara ba. "Ka ajiye ka je ina, tsoho? Fansho da saura. Ko Jamus za ka bi yara ka riƙa wanke musu mota?" Gaskiyarta. Masana'anta ɗaya ta rage a kwarin nan. Gaba kura, baya sayaki.

Na sha horinca, barasarmu mai ƙarfi, ƙoƙo biyu, ban ji komai ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ina tsaye ina kallo Paraschiva tana ciro itacen daga tukunyar tururi bai nuna ba. Na san zai fashe. Yatsuna har sun huda aljihun. Na ce "ki lura mana!" Ya fashe.

Ta jefar da safar hannu. "In lura da me, Bade? Kullum ki lura, ki lura. Tsohuwar da na yi jinya ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ta fi ka bayani."

Abin yana hannuna, ba ya bakina. Kuma ko da yana bakin...

Marigayi Toader, maigidana na farko, juya mini baya yake yi in zai ciro itace. Sai da na yi damina da rani ina leƙensa ta gilashin taga kafin na gane: ƙwanƙwasawa yake yi da gaɓar yatsa. In ya yi ƙara bai nuna ba, in ya yi dum kamar kabewa ya nuna. Sannan gefen da ɓawo yake shi ke kallon waje. Shi ke nan. Abin da ya sa ba a iya aikin sai da ni ke nan, tun ina saurayi. In na faɗa, me ya rage mini? In ban faɗa ba, Nuțu.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Nuțu ya tare ni a ƙofa, wai ya tanadar mini kujera mai laushi kusa da kwalaye. Na wuce abina.

Talata, 24 ga Oktoba

Lokacin hutu Paraschiva ta zauna ita kaɗai da burodi da kitsen alade, ba ta ci ba. Ashe ita ma in ta faɗi ba za a tabbatar da ita ba, Italiya za ta koma, ta bar 'yarta wurin kaka. Ba ni ta gaya wa ba, waya take yi na ji.

Ba don wannan ba ne. Katakon kamfani nake tausayi.

Da aka dawo aiki na ce mata, ƙwanƙwasa itacen. Ta dube ni. Na ce ƙwanƙwasa mana, kurma ce ke? Me kika ji? Ta ce ƙara. Na ce mayar. Can ta sake, ta ce, "Kamar kabewa!" Na ce ɓawo waje, ki tafi a hankali, kar ki tsaya a tsakiya. Ya lanƙwasu sumul.

Ta ce, "Wannan ɗan abin kake ɓoyo duk shekarun nan?" Ɗan abu. Sai da na fita waje na sha iska.

Laraba, 25 ga Oktoba

Har ta gaya wa mutum biyu. Sashe duk ƙwas-ƙwas kamar gidan makoki ana haɗa akwatin gawa. Ba wanda ya kira ni yau ko sau ɗaya. Na yi ta zagaye.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Paraschiva ta ci gwajin. Otilia na tsaye, ni ina can gefe hannu a aljihu, ba wanda ya tuna mini ma. Shida a jere, ba tsaga. A na biyar ta ƙwanƙwasa ta mayar da shi tukunya, ni kuwa da na ɗauka ya nuna. Wataƙila ƙarar injin ce ta hana ni ji.

An bar mini sashena. Ranar Litinin za a ba ni wasu biyu. Na ce a kawo su da wuri, ba don komai ba, kar a ɓata mini rana. Akwai maganar ɗamarar ƙarfen da ake ɗaura wa itace ma, wadda ban gaya wa kowa ba tukuna.

Sai dai na ga takardar shaidar da za a ba Paraschiva. Sunanta, sunan kamfani, sa hannun Otilia. Na bi Otilia har mota. Na ce Doamna, Toader ya mutu da nasa, ba wanda ya san ya iya sai ni ɓarawonsa. Ni an ƙwace nawa da rana tsaka, to a rubuta. A ƙarƙashin sunanta, inda kowa zai gani: wanda ya koya mata, Gavril Bledea. Ta ce babu gurbin wannan a takardar.

Na ce a yi gurbin.