Littafin Kakarki da Na Gyara

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki basira, ya raba ki da abokan banza. Mu nan lafiya lau. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har yana zuwa shago da kansa. Auta ta ci jarrabawa, ko da yake addu'a ce ta fi ƙoƙarinta yawa.

Kin san ni ba na kwana-kwana. Na raine ku a kan cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kun kuma sha bulala a kanta. To, yau ni ce mai laifin, kuma kwana shida ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Da kika ce bincikenki a kan yadda ake ware maganar wasu a kira ta ilimi, ta wasu kuma a kira ta surutu ne, na ce a raina wannan karatun marasa aikin yi ne. Duk da haka, da kika roƙe ni in rubuta abin da kakarki ta sani a shekara arba'in na aikin ungozoma, na yarda. Kin jaddada mini in rubuta yadda ta faɗa, kalma da kalma. Wata biyu ina zama a bakin gadonta kowace yamma. Amma kin san bakinta. Za ta fara da yadda ake gane kwanciyar jariri da tafin hannu, ta ɓalle zuwa labarin wani miji da ya suma a bakin ƙofa, ta yi dariya har da tari, sannan ta dawo. Wasu kalmomin ma nauyinsu ya sa na ƙi rubutawa.

Da na zo kwafewa a sabon littafi, sai na ga ba zan bari malamanki su ce uwata jahila ce ba. Na cire labaran duka. Na jera sauran ɗaya, biyu, uku. Inda ta ce hannu ne ke ji kafin ido ya gani, na ɗauko tsohon littafina na kimiyyar lafiya na sakandare na sa bayaninsa. Littafin farko da na rubuta a gabanta kuwa, na yayyaga shi na zuba a shara, na aiko miki da sabon, ina ganin na yi miki gata.

Makon jiya na kai shafukan da kika kwafe daga cikinsa kika turo mini ta waya shagon buga takardu, na zo na karanta mata don ta ji daɗi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni wace malamar asibiti ce wannan, wai ta iya tsara magana, amma da ji ba ta taɓa riƙe jariri da santsinsa ba. Na ce mata ai maganarta ce. Ta dube ni irin duban da take mini ina ƙarama, ta ce in tata ce, ina matar da ta haihu a bayan mota ana ruwan sama? Daga nan ta juya ta fuskanci bango.

A ranar na fahimci karatunki. Abin da kika ce masu iko sun daɗe suna yi wa maganar mutane, ni na yi wa uwata shi cikin kwana ukun da na yi ina kwafewa, ba wanda ya sa ni.

Na san saura wata guda ki miƙa aikin. Kada ki miƙa shi a haka. Ki je ki faɗa wa malaminki gaskiya, ki ce laifin uwarki ne, kada ki sakaya. In shekara za ta ƙaru miki, ni na jawo, ki yafe mini. Na roƙi kakarki a sake daga farko. Ta ce za ta sake, amma ba da ni ba. Numfashinta ya fara gajarta, don haka kada ki ja lokaci. Ki kira ta a wayar kawunki kowace yamma. Ni zan fita daga ɗakin.

Babanki, Auta, kawunki da gwaggonki duk suna gaishe ki. Ki gaida abokiyar zamanki.

Ni ce,
Mahaifiyarki