Lakar Bayan Maƙabarta

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki Hajara ce, daga Landan.

Kin sha yi mini tsiya, wai na haye teku don in karanci taɓo. To, har yau taɓon nake yi. Kullum in hau jirgin ƙasa a Abbey Wood, in je ɗakin bincike, in duƙufa kan madubin ƙara girma ina leƙen ƙwayoyin gansakukar da ke cikin laka. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, amma ba sa ƙarya. Wasu sai a ruwa mai tsabta suke rayuwa, wasu kuwa sai inda taki ya yi yawa.

Bara na sa Yaya Sani ya ɗebo mini laka daga bayan unguwarmu ta Kalaba, gindin itatuwan nan masu tsayuwa kan saiwoyinsu cikin ruwa, inda kike aikenmu samo itacen bandar kifi. Su ne suka tare teku daga maƙabartar da kike kwance.

Na duba, na sake dubawa. Masu son tsabtar sun tafi, Inna. Masu cin taki ne suka cika lakar maƙil, don takin gonaki da ruwan kwatoci duk nan suke gangarawa.

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi, wai tun yaushe taki ya zama cuta? Kin san jinin manoma. Ya ce itatuwan ba su taɓa yin kore shar kamar bana ba. Gaskiyarsa ne, kuma shi ne abin tsoron. Itacen da abinci ya zo masa har baki ba ya wahalar zurfafa saiwa. Sama ta yi lif, ƙasa ba ƙarfi, guguwa ɗaya ta ishe shi.

Ina tuna ranar da kika shinshina ruwan randarmu, kika tuntsurar da shi duka, muna ƙunƙuni don mu muka ɗebo. Kika ce ruwa ba ya tsami banza.

Tsoro nake ji, Inna. Shi Yaya Sani dai zan yi ta matsa masa har ya kwashe yaransa ya koma tudu. Ke fa, ina zan kai ki?

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya riƙe saiwoyin nan, Ya hana teku isowa gare ki.

Taki mai wasa da taɓo,
Hajara