Rufin Islamiyyarmu da Koren Katakon Malam Sada

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gyaran Islamiyyar Unguwarmu, Kambarawa, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar kwamiti.

Ni ne Lawal kafinta, wanda ya rufa ajujuwan farko na makarantar nan tun tana ɗaki biyu. Na ji kun ba Malam Sada, maƙwabcina a layin kafintoci, rufin sababbin ajujuwa, don katakonsa mai magani ne. Ba a ko neme ni ba. A bakin mai shayi na ji.

Na farko, ban musa cewa maganin yana korar gara ba. Amma Alhaji, ƙarfi fa? Katako mai tauri irin maɗaci ba ya shan magani cikin sauƙi. Sai an huhhuda shi, an rufe shi a tukunyar ƙarfe, an matsa masa maganin da inji, sannan a busar da shi da zafi. Idan aka zarce misali, ƙarfinsa yakan ragu. Da idona na ga ɗaya ya tsage a rumfar Sada yana buga ƙusa, ya yi sauri ya tura shi ƙarƙashin tebur.

Na biyu, tare muka koyi aiki da Sada, ni nake gyara masa awo. Yau don magani ya mai da katakonsa kore, shi ake kira Injiniya, shi ake ba kujerar gaba a wurin walima. Har mai ɗakina ta tambaye ni abin da ya hana ni sayen irin na Sada. Ranar ban iya cin tuwo ba. Ku kira shi kishi in kun so, ba zan yi gardama ba, amma yara ne za su zauna ƙarƙashin rufin nan.

Roƙona ɗaya ne. Ranar Juma'a bayan an sauko, a ɗora katakona da nasa a kan bulo, a riƙa jibga musu buhunan siminti a gaban jama'a. In nasa ya riga karyewa, a sake shawara. In nawa ne, zan ɗauko gudumata in taya shi rufin, in kuma kira shi Injiniya da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.
Lawal Kafinta, Kambarawa.