Ni Ce Na Ci Mutuncin Faifan Babana

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye duk abin da zai sa a gane ni. Na yi abin da ko aminiyata na kasa faɗa wa, yau kwana goma sha tara ina yawo da shi a ƙirji.

Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a shagon tabarau, ni ce mai daidaita wa mutane gilashi a kan hanci. Mahaifina yana koyar da tuƙin mota, amma da ƙuruciyarsa makaɗin ganguna ne. Akwai wata ƙungiyar kiɗan rok da ta yi tashe ina ƙarama, ta fitar da faifai shida kafin ta watse. Baba ya kaɗa musu a faifai ɗaya tak, na huɗu, lokacin da makaɗinsu na asali, wanda ake ce wa Guduma, ya yi fushi ya tafi. Da Guduma ya huce ya dawo, sai aka sallami Baba da mun gode.

Duk da haka na taso ina son ƙungiyar nan kamar in yi hauka. Muna da dandali a intanet, mu wajen dubu huɗu, kullum musu muke a kan waƙoƙinsu. A can ba wanda ya san ko ni 'yar wace ce, sunan Kunne Biyu nake sa wa kaina. Watan jiya wani ya ce kowa ya jero faifan shida daga gwani zuwa na baya. Na zauna na yi dogon rubutu, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Na ce na uku, mai jan bango, shi ne sarki, domin jita biyu ne ke cacar baki tun daga farko har ƙarshe, Guduma kuma yana jibgar ganguna kamar ya kama su da laifi. Na farko, mai hoton gada, na ba shi matsayi na biyu. Ɗanye ne, a gareji aka naɗe shi, har ƙarar kujera ana ji, amma yunwar samari tana ciki. Faifai na biyu na ce na farkon ne aka yi wa wanka aka shafa masa mai. Na biyar da na shida kuwa muryar mawaƙinsu ta fara gajiya, sai dai kalmominsa sun nuna.

Sai na zo kan na huɗu, mai hoton farar kujera. Na ce faifai ne marar jini a jika, kuma laifin makaɗin aron da suka ɗauko ne. Na ce kiɗansa kamar agogon bango ne a ɗakin jiran likita, ba ya kuskure, ba ya kuma ta da kowa daga gyangyaɗi. Har na ƙara da cewa da za a goge sunansa daga bangon faifan, babu wanda zai lura. Mutane suka yi ta dariya suna yaɗawa. Ni kuma, Allah ya gani, daɗi na ji.

Ban taɓa kawowa Baba zai gani ba, shi da ko saƙon waya sai an buɗe masa. Ashe kawuna ya ci karo da rubutun, ransa ya ɓaci, ya tura masa. Ranar Asabar na je gida cin abincin rana kamar yadda na saba. Muna kan tebur Baba ya ɗauko tabarau ɗin da ni na yi masa da hannuna, ya karanta mana rubutun nan da ƙarfi, bai tsallake layi ɗaya ba. Mama ta ce ko wane ne wannan, uwarsa ba ta ba shi tarbiyya ba. Ni dai na sunkuyar da kai a kan farantina. Baba kuwa ya ce a'a, marubucin yana da kunne, bai taɓa karanta wanda ya fahimci faifai na uku kamarsa ba. Da ya zo kan maganar agogo sai ya yi 'yar dariya, ya ninke tabarau, bai ƙarasa abincinsa ba.

Tun ranar ya canja. Mutumin da ko a layin banki yatsunsa na kiɗa a kan cinyarsa, yanzu hannuwansa shiru. Sandunan kiɗansa da suka shekara ashirin da biyar a saman kabad ɗin falo, Mama ta gaya mini wai ya kwashe su ya sa a durowa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Asabar ta gaba ya ce in zauna in taya shi rubuta wa Kunne Biyu amsa, tunda na fi shi saurin hannu. Yana faɗa ina bugawa. Ya gode masa. Ya bayyana cewa an naɗi faifan ne wata uku bayan rasuwar matar mawaƙin, lokacin ko ƙarar rufe ƙofa ba ya iya jurewa, shi ya sa mawaƙin ya roƙi Baba ya kaɗa kamar mai tafiya a gefen marar lafiya, kada ya riga shi, kada ya bar shi a baya. Ya ce a waƙa ta bakwai tawul ya shimfiɗa a kan gangar. Ya ce ba kare kansa yake ba, so yake kawai mai kunne irin wannan ya sani. Na danna tura. Wayata ta yi ƙarar shigowar saƙon a cikin jakata, a gefen ƙafarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ban taɓa sauraren faifan nan har ƙarshe ba kafin in yanke masa hukunci. Ina shekara shida Baba ya bi su yawon wasa wata takwas, ya dawo aka sallame shi, ya shekara zaune a falo ba ya magana da kowa. Tun lokacin ko hoton kujerar nan na gani sai raina ya ɓaci. Yanzu na saurare shi sau huɗu a ɗakin baya na shago, lokacin hutun rana. Gaskiya har yanzu bai kai na uku ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba na ƙarshe ba ne, ko kusa. Waƙa ta bakwai ta sa ni kuka har maigidan shago ya leƙo ya ga ko gilashi ne ya yanke ni.

Duk lokacin da na kira gida sai ya tambaye ni ko mutumin ya ba da amsa. In goge rubutun in yi shiru? In ba shi haƙuri da sunan Kunne Biyu, ya ji sanyi ba tare da ya san ni ce ba? Ko in faɗa masa, in zubar da kaina a idonsa?

'Yar Makaɗi

Ƙanwata,

Bari mu fara raba laifi da abin da ba laifi ba, domin kin cakuɗa su. Jera faifai shida ki sa na mahaifinki a baya ba zunubi ba ne. Wanda ya fitar da kiɗa duniya ya san za a auna shi, kuma ba dole ne 'ya ta so duk abin da ubanta ya yi ba. Inda kika zame shi ne kin hukunta abin da ba ki saurara ba, kuma ba makaɗi kika yi wa rubutun ba. Yarinya 'yar shekara shida ce ta samu alƙalami ta rama wa kanta. Fushinta yana da dalili, wata takwas da shekarar shiru ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. Sai dai ta bi ta bayan gida, a gaban mutum dubu huɗu.

Goge rubutun ba zai goge shi daga kan mahaifinki ba. Amsa da sunan aro kuwa ita ce mafi muni, domin ƙarya ta biyu ce, kuma daga ita sai ta uku, tunda zai sake rubutowa ya ce ki buga masa. Irin wannan sirri ba ya daɗewa. In ya fito ta bakin wani, ba maganar agogo ce za ta yi masa ciwo ba, zaman da kika yi kina buga wasiƙar ne.

Ki same shi shi kaɗai, ba a kan tebur ba, ba gaban Mama ko kawu ba. Ki faɗi cewa ke ce tun a jimlar farko, kada ki yi ta kewaye-kewaye. Ki ce ba ki saurari faifan ba sai bayan wasiƙarsa. Kada kuma ki juya ki ce yanzu ya fi duka, makaɗi ne, zai ji ƙaryar nan take. Ki gaya masa matsayin da kika ba shi tsakani da Allah, da abin da waƙa ta bakwai ta yi miki. Maganar ƙuruciyarki ma haƙƙinki ce, amma in kika kawo ta a ranar za ta zama uzuri. Ki ajiye ta sai ya tambayi dalili, kuma zai tambaya.

Bayan haka ki koma dandalin ki gyara a inda kika ɓata, da bakinki. In mahaifinki ya yarda, ki sa wasiƙarsa a ƙasa. In bai yarda ba, tasa ce.

Ba zan ruɗe ki ba, zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai ɗaga wayarki ba. Ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki matsa masa ya yafe don ke ki samu sauƙi. Ki je cikin makon nan. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar mahaifinki, ya bar ku tare da daɗewa.

Antinki