Tulin Duwatsu Bakwai na Kawu Hammu

Tawrirt, gindin dutsen Sagru.
Laraba, sha biyu ga watan Sha'aban.

Zuwa ga taubashina Yidir ɗan Kawu Hammu, a Tanja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Tuda da ɗan ƙaramin nan naku da aka ce ya ɗebo kunnuwanka. Allah ya raya shi, ya kuma sa kansa ya girma ya cim musu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An yi ruwa sau biyu, sha'ir ya yi kore a fadamar ƙasa. Innata na fama da gwiwa kamar kullum. Mahaifiyarka Inna Ittu na nan garau, akuyarta baƙa ta haifi biyu. Alfadararmu Tamlalt ta ƙara ƙiba da rashin kunya, ranar kasuwar Nkob ta cinye wa wani mai ɓaure rabin kwando yana can yana ciniki.

Yidir, na san kana jira ka ji inda zan tsokane ka. Yau ba ni da wannan ƙarfin. Kwana ashirin da shida ke nan mahaifinka bai yi mini magana ba, kuma ni na jawo.

Ka tuna hanyar da muke bi da baƙi masu yawon dutse, daga tsohon ɓauren nan zuwa idon ruwan da ke bayan dutse mai ƙaho biyu. Ka tuna tulin duwatsun da kakanni suka jera a gefenta, guda bakwai, a na bakwai ake karya hagu. To, farkon sanyin nan an ba ni wasu baƙi ni kaɗai, samari da 'yan mata, kowa da sanduna biyu kamar mai jinya. Muka zauna shan shayi a wurin, sai wata doguwa a cikinsu ta nuna tulin ta tambaya ko kabari ne. Ka san ni. Na gyara rawani, na ɓata fuska, na ce mata da guntun Faransancina ai wannan wurin neman aure ne, duk wanda ya ɗora duwatsu bakwai ya kira sunan wanda yake so, shekara ba za ta zagayo ba sai an ɗaura. Kafin shayi ya huce kowa ya duƙa yana gini. Wani mai gemu har tuli biyu ya gina, na ce masa ya yi hankali, a ƙasarsu mace ɗaya aka yarda. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Abin da ban yi tunani ba shi ne, baƙon da ya zo baya in ya ga tuli, shi ma sai ya yi nasa, ko ba wanda ya ce masa komai.

Duk sanyin nan Kawu ta hanyar gabas yake kai mutane, bai bi ta can ba sai watan jiya. Baƙi shida ne, dattawa. Kamar yadda muka saba, na yi gaba da Tamlalt da kaya tun da hantsi don in kafa tanti in gasa gurasa, shi ya biyo da su a hankali. Na wuce ta cikin tulin nan ina murmushi, ina cewa bari Kawu ya gani ya zage ni. Azahar ta yi ba su iso ba. Gurasa ta bushe a kan tsakuwa. Na koma da gudu, ban same su ba sai bayan la'asar, can cikin busasshen kwazazzabon da ko akuya ba ta son shiga. Ruwansu ya ƙare, wata tsohuwa a cikinsu tana kwance a inuwar dutse leɓɓanta sun yi fari. Hadda matar Zayid, da ke kiwo a sama, ita ta fara ganinsu ta sauko musu da salka. Ka san Hadda da murya. Ina isowa na ji tana cewa, "Haba Hammu, kai da aka haifa a kan dutsen nan, ga hanya can fara sol kamar igiya, ba ka gani ne?" Tana nuna yamma, shi kuwa ya juya yana duban kudu, yana cewa i, i, ya gani.

Yanar ido ce ta rufe masa gani, Yidir. Inna Ittu ta ce abin ya kai shekara biyu, Kawu kuma ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, har kai. Abin da yake gani inuwa ce kawai, in ta matso kusa. Da ƙirga yake tafiya. Daga ɓaure ya ƙirga tuli bakwai, ya karya hagu, yadda ya yi shekara arba'in. Bakwai ɗin dai ya ƙirga, amma na 'yan neman aurena ne. Ni kuwa shekara biyu ina ganin yana dafa ƙugun Tamlalt in za mu gangara, ina ce masa tsoho ya gaji, a nemo masa amarya ta riƙa goya shi. Ya ce ni ma ranar tana nan zuwa, ɗan banza mai bakin tsiya. Ban taɓa duban idonsa ba.

A hanyar komawa na gaya masa gaskiya, duk yadda aka yi. Na so ya ɗaga sanda. Bai ɗaga ba. Tambayata ya yi, guda nawa ne yanzu. Na ce arba'in da uku. Ya ce, "To." Daga wannan "to" ban sake samun komai ba. Mutumin Warzazat da ke turo mana baƙi ya aiko cewa daga yanzu ni zan riƙa ja gaba, Kawu ya huta. Ranar da saƙon ya zo, ya ba Inna Ittu sandarsa da butar shayinsa ta tafiya ya ce a kai gidanmu. Ba ta hannuna ya ba ni ba.

Na koma ni kaɗai na rushe su, kwana uku. Aikin ya fi yadda kake zato, don ina tsoron in rushe na kakanni cikin na ƙarya. Sai na riƙa juya dutse ina dubawa: na da, rana ta ƙone bayansa ya yi baƙi, cikinsa fari, na baƙi kuwa an ɗora shi ta ko'ina. Na mayar da kowane dutse nesa da hanya. A ƙarƙashin ɗaya na tsinci takarda da sunan wani, na rasa yadda zan yi da ita, na tura ta cikin tsagar dutse. Da na dawo na tsaya a bakin ƙofa na ce, Kawu, sun koma bakwai. Yana zaune jikin bangon nan mai rana, ya ci gaba da jan carbi.

Sau uku ke nan ina kai baƙi ba tare da shi ba. Dutsen ya yi mini girma. Da, in mun hau wuyan dutse iska na kaɗa mu, nakan saka masa tsakuwa a hular jallabiyarsa, ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauke ta har masauki, da safe in same ta cikin takalmina. Yanzu ina tafe gaba, mutane shida a bayana suna yarensu, in na yi wasa sai su yi murmushin ladabi su ɗauke ni hoto. Shayina ma ba ya kumfa irin nasa, wani baƙo da ya taɓa zuwa ya tambaye ni ina tsohon nan mai zuba shayi daga sama. Na ce yana gida. Ina gaya wa Tamlalt labarai, amma ita ba ta iya zagi ba. Kullum in na sauko ina biyawa in gaishe shi, Inna Ittu ce ke amsawa, ta ce, "Yana jinka, Bassu, je ka ci abinci." Malamin asibiti ya ce irin wannan yanar ana cire ta a Warzazat cikin yini ɗaya. Kawu ya ce wa Inna ba wanda zai ja shi a titi kamar rago.

Ga abin da nake roƙonka, don zumunci. Kada ka kira shi a wayar Zayid, zai ce maka lafiya lau ya miƙa wa Inna. Takarda za ka rubuto masa, da hannunka, doguwa. Ka sa maganar idon a ciki in ka ga dama, ka sa labarin teku da na yaro da tsadar kifin sardin, duk abin da ka samu, kada dai ta gaza shafi uku. Shi ba ya iya karantawa yanzu, Inna ba ta taɓa iyawa ba, kuma ka san mahaifinka, ya gwammace ya haɗiye takardar ɗansa da ya kai wa liman ya ji sirrin gida. A dangi kaf ni kaɗai na rage da na riƙe allo. Dole ya aiko a kira ni. Na rantse ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba. Ka yi rubutun nan naka mai kama da sawun kaza, yadda zan riƙa tuntuɓe, ko zai ƙosa ya ce in koma baya in sake.

Ka gaishe da Tuda da yaro, da Lahsan ɗan gidan Addi in kuna haɗuwa, ka ce masa innarsa na cigiyarsa. Innata na gaishe ku. Inna Ittu ba ta san na rubuto ba, ka bar shi haka. Motar wasiƙa ranar Asabar take isowa Nkob, zan riƙa sauka ina dubawa.

Ni ne taubashinka,
Bassu ɗan Ishshu.