Filin da Na Bari a Saman Sunana

Kaura Namoda,
Fabrairu, 2001.

Zuwa ga ƙanena Muhtari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ga rubutun binciken ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, na ba Halilu direba ya kawo maka Shinkafi. Ka buga mini shi a kwamfutar ofishinku, don ni idona ba ya jure ta yanzu.

Ka bi ƙa'idojin mujallar da za mu aika wa sak, mutanen Ibadan ba sa wasa. A bar tazarar layi biyu, a bar gefe mai faɗi. Tsakuren kada ya wuce rabin shafi. Sunan ƙuduji na kimiyya a buga shi a karkace. Jadawalin gonakin Katuru daban, na Banga daban. Manazarta a jera su bi da bi, kada ka yi mini irin jerin da kake yi wa takalmanka. Kwafi uku za ka aika ta gidan waya, ka haɗa da takardar da na rubuta wa editan.

Ka san aikin nan na yaron nan ne. Damina uku ya yi yana bin kunyoyin gero yana ƙirga, ni gyara kawai na yi. Ba ni da abin da zan yi masa yanzu sai addu'a da wannan. Shafin farko ka dube shi da kyau.

Ka gaida Kulsumu da yara.

Yayarka,
Hindu.

Shinkafi,
Maris, 2001.

Yaya Hindu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Aiki ya kammala, na aika. Amma wallahi masu mujallar nan sun fi alƙalin kotun Shari'a tsanani, waƙafi ɗaya sai da na sake shafi guda saboda shi.

Jadawalin ne ya ba ni wuya, ba don tsawonsa ba. Rubutun hannun Ismail ne, da irin bakwai ɗinsa mai kama da lauje. Sai in buga layi biyu in fita waje. Shekara ta zagayo tun da sanƙarau ya ɗauke shi, amma manoman Katuru har yau in sun gan ni sai sun tsaya sun yi masa addu'a. Wani tsoho, Idi, ya ce da ni, "Yaron ga shi ka shiga gonata ba ya taka shuka." Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ki riƙa cin abinci. Halilu ya ce kin rame.

Ƙanenki,
Muhtari.

Kaura Namoda,
Yuli, 2001.

Muhtari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Amsa ta zo daga Ibadan. Sun karɓi aikin, gyara kaɗan suka nema. Ban yi murna ba. Na buɗe shafin farko na ga sunana shi kaɗai zaune a ƙarƙashin take. Muhtari, ina filin da na bari a saman sunana? Wa ya ce ka rufe shi? Na bar shi ne don ka cike. Ka san ɗan fari ne, ka san bakina bai taɓa kama sunansa ba, hannuna ma haka. Ko rajistar makaranta mahaifinsa ne ya rubuta. Yanzu aikinsa zai fita duniya da sunan uwarsa, kamar na jira ya mutu na gaje shi.

Na je na buga wa editan waya. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce ba sa ƙara marubuci bayan karɓa sai da wasiƙa daga wadda ta aiko, da hannunta, da cikakken sunan mamacin da abin da ya yi a aikin da ranar rasuwarsa. Ƙarshen Agusta za su kai ɗab'i. In ba ta iso ba, haka zai fita.

Kai ka rubuta, ka aiko in sa hannu a ƙasa. Wa zai gane a can?

Hindu.

Shinkafi,
Agusta, 2001.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da haƙuri.

Na ga filin. Na ɗauka ba a sa sunan wanda ya rasu ne, kuma na ji nauyin in tambaye ki, kada in tono miki ciwo. Ke kin ji kunyar rubutawa, ni na ji nauyin tambaya, shi ke nan yaro ya faɗi tsakaninmu.

Amma ba zan rubuta wasiƙar ba. Takardar farko da kika aika musu da hannunki take, suna da ita. In suka ga hannu biyu, za su ajiye aikin gaba ɗaya, mu yi biyu babu.

Na je Zurmi ranar Juma'a na gaya wa Inna. Na zaci za ta goyi bayanki, tunda ke ma 'yar farinta ce, har yau "waccan ta Kaura" take ce miki. Sai ta ce, "Kunya don mai rai aka yin ta, don shi san shina da daraja. Wanda yat tahi, mi za ta ƙara mai? Ka ce mata ta rubuta."

Akwai kuma abin da ya ce da ni a daminar ƙarshe, muna dawowa daga Katuru a kan babur, yana dariya. Ya ce, "Kawu, in takardar ga ta hito, dole Malama ta ga sunana manne da nata, ko ba ta hurta ba." Ba ƙorafi yake yi ba, Yaya, murna yake yi. Abin da yake jira ke nan.

Wata ya kusa ƙarewa, kuma kin san halin gidan waya. Ba zan iya riƙe miki biron ba. In kina so in zo in zauna kusa da ke, ki aiko Halilu.

Allah ya sanyaya miki.

Ƙanenki,
Muhtari.

Kaura Namoda,
Agusta, 2001.

Muhtari,

Assalamu alaikum. Ba sai ka zo ba.

Na rubuta, na kai gidan waya da kaina. Sunansa ne a sama, nawa a ƙasa.

Kafin in liƙe ambulan na karanta ta a fili a tsakar gida, don in ji ko akwai kuskure. Da na zo wurin, na tsaya, sannan na faɗa. Na sake faɗa. Muhtari, ashe suna ne mai daɗi a baki. Na jira kaɗan, ba wanda ya amsa.

Ka gaida Inna.

Yayarka,
Hindu.