Ba a Yi Masa Tsaga Ba

Gusau, 9 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Iyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya ƙafar? Ina Lubabatu da yara? Na rubuto ne na ba direban Anka, don na san halinki da waya: ki ɗauka ki ce ba ki ji, ki kashe.

Gwaggo, gafakar Alƙur'anin kakana Malam Makau da na sha wuya kafin ki ara mini, na buɗe ta. Kin san burina bai wuce in haɗa salsalar gidanmu ba, in ga ko gaskiya ne kakanninmu tun kafa Anka suke nan. A bayan Alƙur'anin akwai waraƙa uku da kakan nawa ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami. Na ga sunan babana, na ga naki, har da ranar Talata da aka haife ki. To amma ba babana ne a sama ba. A sama an rubuta: "Muhammadu Namadi, ɗan Turai, an haife shi a Gummi, shekara ta 1369 bayan hijira. Ba a yi masa tsaga ba." Lissafi ya nuna wajen 1950 ke nan, shekara biyu kafin babana.

Hannun ɗaya ne, tawadar ɗaya ce. Na san Malam ya yi karatu a Gummi yana saurayi, amma ban taɓa jin ya yi aure can ba. Ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yansa, shi ya sa nake tambayarki. Wane ne Namadi?

Ki gaishe mini da kowa.

Ɗanki,
Ubaidullah

Anka, 15 ga Janairu, 2024

Ubaidu,

Wa alaikumus salamu. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda ka bar ta. Takardarka ta zo ranar Alhamis, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Na taɓa jin sunan nan sau ɗaya, daga bakin mai shi. Shekarar 2010 ce, lokacin zafi, sa'ad da yara suke ta mutuwa a Dareta ba a san abin da ke kashe su ba. Wasu na cewa sanƙarau ne. Sai daga baya likitoci suka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Wata rana bayan azahar aka ce ana sallama. Na fito zaure na tarar da wani dattijo, hannayensa duk sun yi fari da garin dutse, da wata yarinya a bayansa tana goye da jaririya. Ya ce, "Ni na Namadi, ɗan Malam Makau na Gummi. Jikata ba ta lahiya. Masauki muka so, kwana biyu, mu kai ta asibiti."

Na dubi fuskarsa, sumul. Kai ka san duk wanda Malam ya haifa yana da tsagar Zamfarawa, da ni da babanka da marigayiya Tasalla. Na ce masa ɗan Malam Makau ba ya yawo da kunci wayam, ya je ya nemi gidan ubansa. Har na ƙara da cewa mun saba ganin masu haƙar zinariya, kowa da ƙaryar da yake shigowa gari da ita. Ya juya ya tafi. Ina da jikoki huɗu a tsakar gida a lokacin, kuma an ce cutar ana ɗauka. Kowa ne a matsayina abin da zai yi ke nan.

Kada ka yi mini gaggawa. Gafakar nan shekara arba'in tana rataye a ɗakina ban buɗe ba, don girmamawa, kuma ni boko na koyar, ajami ba ya karantuwa gare ni. Ko da Malam ya haifi Namadi, wa ya ce wannan ne? Mutum na iya jin suna ya ɗauka. Gwajin nan da kake damuna da labarinsa, na DNA, wanda ka ce da yawu ake gane dangi, in ka samo mutumin a yi mana shi. Sai na ga takarda.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka,
Iyatu

Gummi, 4 ga Fabrairu, 2024

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kin soma cin abinci.

Kwana uku nake Gummi. Na je unguwar masunta ta bakin gulbi, aka kai ni wurin wata tsohuwa, Inna Husaina, ƙanwar Turai ce. Ido ya tafi amma kai garau. Ina faɗin sunan Malam Makau ta ce, "Wanga mai dogon wuya da ad da allo ƙarƙashin tsamiya?" Na yi dariya, don wuyan nan duk mun gada.

Ga abin da ta ce. Turai bazawara ce lokacin da Malam ya aure ta, ta binne 'ya'ya uku a gidan mijinta na fari, duk kafin yaye. Da aka haifi Namadi, wanzami ya zo da kayansa ranar suna, sai uwar Turai ta tare ƙofa. Ta ce ukun can duk an tsaga su kuma duk sun tafi, wannan aska ba za ta taɓa fuskarsa ba. Malam ya ji haushi amma ya bar ta. Bayan wata biyar mahaifin Malam ya rasu, aka kira shi Anka, Turai ta ce ba ta barin gulbi, auren ya mutu. Wani tsohon magatakarda ya taimaka mini muka duba tsofaffin littattafan alƙali, muka sami sakin, da sunan yaron a ciki. Inna Husaina ta ce Malam ya riƙa aiko da riga duk sallah har Turai ta yi wani aure ta bar garin.

Ita ce kuma ta gaya mini Namadi yana raye. Yana Bukkuyum wurin 'yarsa Sahura, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ya bar aikin dutse tun da ƙirjinsa ya lalace. Gwaggo, ni a ganina rubutun Malam da littafin alƙali da bakin tsohuwa sun isa. Ni ma ai ba ni da tsagar, ba ki taɓa kora ta ba. Ina jin nauyin in shiga gidan dattijo da auduga in ce ya buɗe baki. Amma tun da kin ce sai takarda, jibi zan tafi, in sha Allah, daga nan in biyo in ɗauki yawunki ke ma.

Ɗanki,
Ubaidullah

Bukkuyum, 10 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Hajiya Iyatu,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kin wuni lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce Sahura 'yar Namadi. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Ɗanki ya zo, mutumin kirki ne, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ya karanta masa abin da ubansa ya rubuta. Baba ya ce a sake, aka sake, har sau huɗu. Bai taɓa sanin ubansa ya rubuta sunansa a wani wuri ba. Yana cikin hawaye sai ɗanki ya fito da 'yar kwalba da auduga, yana ta sosa kai, ya ce ke kin ce sai an yi gwaji. Na ce ba za a yi ba. Baba ya ce, "Bari, Sahura. Ƙanwata ce, in yawu taka so, a kai mata." Ya buɗe baki kamar yaro, aka goga masa. Ni na fita bayan ɗaki don kada in faɗi abin da ba shi da kyau.

Hajiya, yarinyar da kika gani a bayansa rannan ni ce. Ran nan shekarata goma sha tara, goyon kuma 'yar farina ce. Mijina yana ramin haƙa lokacin, Baba ne ya ɗauko mu daga Dareta a bayan babur. Duk hanya yana ce mini kada in damu, muna da gida a Anka, gidan ubansa, babba ne, kowa ya san shi. Bai taɓa zuwa ba sai ran nan, kunya ce ta hana shi tsawon rayuwarsa, ciwon jikarsa ne ya kai shi.

Da muka bar ƙofarki mun kai ta asibiti, aka duba ta aka ba mu magani. Ba mu da inda za mu sauka, sai wani mai facin taya a bakin tasha ya bar mu a rumfarsa. Washegari da la'asar ta cika, a kan kwali, tsakanin tayoyi. Ba ke kika kashe ta ba, dalma ce, yaran da suka mutu cikin ɗakunan iyayensu sun fi a ƙirga. Na san wannan sarai. Amma matar mai facin ce ta yi mata wanka, kuma gidanku yana nan bai fi tafiyar minti goma ba.

Ban rubuto don in nemi komai ba. Na ga dai tun da gaskiya kike nema, to a ba ki duka.

Ki huta lafiya.

Sahura Namadi

Anka, 29 ga Maris, 2024

Zuwa ga Yayana Namadi, ta hannun 'yata Sahura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya azumi? Allah ya ba ka lafiya.

Takardar gwaji ta iso jiya. Ubaidu ya zauna yana yi mini bayanin lambobi, na ce ya taƙaita. Ya ce uba ɗaya. Yaya, ban ji komai sabo ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Tun ranar da ka tsaya a zaure na ga wuyan Malam, na ga yadda yake karkata kai in zai yi magana. Na gani, sai na kafa idona a kuncinka don can ne kawai zan sami abin da zan kore ka da shi. Tsoro ne ya kama ni, na cutar, da na abin da mutanen unguwa za su ce a kan Malam. Shekara goma sha huɗu ina gaya wa kaina tsaga ce hujjata. Da Ubaidu ya kawo rubutun ubanmu, maimakon in ɗauki mayafi in taho, sai na sake aika maka da wani wulaƙancin cikin kwalba. Na yi haka ne don in ƙara samun sati goma ban fuskance ka ba.

Takardar Sahura tana ƙarƙashin matashina. Na sa an nuna mini rumfar mai facin, yanzu shagon cajin waya ne. Ina wucewa ta nan duk ranar kasuwa ban sani ba.

Ba ni da abin kare kaina. Ka yafe mini don Allah. Sahura, ke ma ina roƙonki. In kun yarda, bayan sallah zan zo Bukkuyum da ƙafar nan tawa, ko hanya na da kyau ko ba ta da shi, in durƙusa a gabanku. Zan taho da Alƙur'anin Malam, na babba ne, kai ya kamata ya riƙe shi.

Ƙanwarka,
Iyatu

Bukkuyum, 6 ga Afrilu, 2024

Hajiya,

Wa alaikumus salamu. Muna lafiya, jikin Baba da sauƙi.

Na karanta masa takardarki ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ce tun a bakin tasha ya yafe. Ya ce ki zo ranar Asabar ta bayan sallah. Tun shekaranjiya yake tambaya ko kina cin kifi, ya sa an wanke babbar rigarsa, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ƙanwarsa za ta zo daga Anka.

Zan share miki ɗakina, in shimfiɗa sabuwar tabarma, in dafa abinci in rufe. Maƙwabciyata za ta kula da ku. Ni ranar zan tafi ƙauye wurin dangin mijina, sai kin koma zan dawo. Na gwada in yafe, Hajiya, cikin azumin nan na gwada, ban kai ba tukuna.

Allah ya kawo ki lafiya.

Sahura